Motar Rana ta Injiniya Rabo

Duk ranar da aka zauna rubuta tarihin ƙere-ƙere a ƙasar Katsina, dole a ware babi guda saboda Malam Rabo na Sabuwa. Wannan ra'ayin Malam Rabo ne, kuma har yau bai sami na biyu ba.

Asalin sana'arsa gyaran rediyo da fitilar caji, a wata 'yar rumfa da ke bakin tasha. Rediyon da ya shiga hannunsa yakan fito yana magana, sai dai ba lallai ya kama tashar da mai shi ya saba ji ba. Sunan Injiniya kuwa shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a goshin rumfar, mutane suka karɓa, tunda kiran mutum Injiniya bai rage wa kowa komai ba. Bayan rumfar, abin da ya mallaka a duniya shi ne wata tsohuwar bas da ya gada daga mahaifinsa. Ta yi ƙuruciyarta a hanyar Ƙanƙara zuwa Faskari tana jigilar 'yan kasuwa da awakinsu, sannan ta zo Sabuwa ta yi ritaya. Ƙararta takan riga ta isa ko'ina. In ta tashi daga tasha, kajin unguwa ta uku sukan fara neman mafaka.

Ɗiyarsa ta fari, Ummu Salma, tana aure a Damari, ɗan Alhaji Mani take aure. Shi Alhaji Mani mai yake sayarwa. Gidan man nasa famfo ɗaya ne da rumfar kwano da wata janareta mai tari, amma a Damari wannan ya isa a miƙe wa mutum tsaye. Da cikin yarinyar na fari ya tsufa, Rabo ya kwashi mata a bas suka je ɗauko ta goyon ciki, ta haihu gaban uwarta kamar yadda aka saba. Aka yi gaishe-gaishe, aka ci, aka sha, aka shiga mota. Rabo ya murɗa makulli. Bas ta yi tari ta yi shiru. Mai ya ƙare, daidai ƙofar surukinsa, gaban majalisar da ke zama a nan tun safe don jiran irin wannan.

Alhaji Mani bai yi dariya ba, kuma wannan ne Rabo ya kasa yafewa. Sai ya sa aka tura motar zuwa bakin famfo, ya ce a cika tanki har wuya, kada Malam Rabo ya sha rana da iyali. Rabo ya cusa hannu aljihu da ƙarfi yadda kowa zai gani. Alhaji ya riƙe hannun tun kafin a gano abin da ke cikin aljihun, wanda ya zama rufin asiri na biyu a yini guda.

"Haba, Malam Rabo," in ji shi a tausashe. "Ai mun zama ɗaya."

Rabo ya dawo Sabuwa da cikakken tanki da zuciya mai tafasa. Bai bari ta huce ba. Washegari a teburin mai shayi ya yi shelar cewa ranar da yarinyar nan ta yi arba'in, za a mayar da ita ɗakinta da gara, shi da kansa zai shiga Damari da wannan bas ɗin ba tare da ɗigon mai a cikinta ba. Zai tsaya gaban famfon Alhaji Mani, ya gaishe shi, ya bar shi ya kalli ƙarshen sana'arsa da idonsa. Ya ga yadda ake yi a waya: wani Bature ya mayar da tsohuwar motarsa ta lantarki a cikin gida. Bai ji abin da Baturen ke faɗi ba, amma ya ce injiniya da injiniya ba sa buƙatar tafinta.

Maƙwabcinsa Malam Yahya, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya koma cikakken ɗan kallo, ya kurɓi shayi ya tambaye shi abin da motar za ta riƙa ci.

"Rana," in ji Rabo, yana nuna sama kamar shi ya rataye ta. "Ga ta nan kyauta, ba layi, ba ƙarin farashi."

"In hadari ya taso fa?"

"Sai batir ya karɓa."

"In batir ya gaji?"

"Batirina ba irin na fitilarka ba ne, Malam. Cika ɗaya zai kai ta Kaduna ya dawo da ita, har da saura."

Malam Yahya ya ce Allah ya ba shi tsawon rai ya ga sauran.

Aka fara aiki a filin ƙofar gida. Rabo ya sauke inji, ya yi musaya da shi a Faskari, wurin wani mai niƙa da rashin wuta ya sa ya rufe shago. Ya karɓo injin lantarkin da ke juya niƙan, shi kuma mai niƙa ya karɓi injin bas yana godiyar da ya kamata ta sa Rabo tunani. Batira ya bi shagunan cajin waya na Ƙanƙara da Ruwan Godiya ya tattaro su, kowanne da launinsa, kowanne da dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi cikin sauƙi. Ya cire kujerun baya ya jera su, ya haɗa da wayoyi ja da baƙi da wasu da ba su da launin da za a faɗa. Tankin mai kuwa bikinsa daban aka yi. Ya ciro shi gaban jama'a, ya sa aka raba shi biyu, ya shigar da shi cikin gida ya cika da ruwa ya ba agwagin matarsa, don kowa ya shaida ba komawa baya.

Saura farantan sola. Waɗannan ba sai an je nesa ba, suna kan rufin gidansa, su ke ba firizar matarsa Hafiza wuta, wadda take sayar da zoɓo da kunun aya mai sanyi. Hafiza ta dawo daga barka ta tarar da tsani a jingine da bango, mijinta a sama, firiza ta fara zufa. Ya yi mata bayani daga can sama cewa babu wani mai ƙirƙira a duniya da iyalinsa ba su sadaukar da wani abu ba. Ta ce ta ji, amma tana son ta san me shi ya sadaukar ban da kayan mutane. Ya ce tarihi zai ambace ta. Ta ce tarihin ya zo ya sayi zoɓo mai ɗumi. Daga nan ta goge firizar ta zuba gero a ciki.

Ana cikin haka Ummu Salma ta haihu, namiji. Gidan ya koma hannun Dada, mahaifiyar Rabo, tsohuwa mai ƙaramin jiki da murya wadda ba a maimaita mata magana kuma ba ta maimaitawa. Ita ke kula da ruwan wanka da kunun kanwa, ita ke tara gara. Zancen mota bai dame ta ba. Abin da ta sani shi ne garar jikarta za ta shiga Damari da rana tsaka, a fili, yadda makaho ma zai ji labari.

Gwajin farko an yi shi da hantsi. Rabo ya ɗaure farantai a saman bas, ya sa hula sabuwa, ya yi bisimilla, ya danna wani makunni da ya ciro daga tsohuwar fanka. Motar ta tashi, wannan kam ba a musu. Sai dai baya ta yi, da niyya mai ƙarfi, ta ratsa dangar Malam Yahya ta tsaya cikin turken awakinsa. Rabo ya fito ta taga ya ce jama'a su lura da ƙarfin ja. Malam Yahya ya duba dangarsa, ya duba akuyar da ta hau katanga karon farko a rayuwarta, ya ce shi abin da ya burge shi shi ne yadda motar ta san zumunci, ta fara da gaida maƙwabta.

Rabo ya juya wayoyi biyu. A gwaji na biyu ta yi gaba, aka gano wasu abubuwa da Baturen waya bai nuna ba, ko ya nuna da baki. Na farko, injin niƙa bai san a hankali ba, ko yana niƙa ko ba ya niƙa. Na biyu, birkin bas ashe da numfashin tsohon inji yake aiki, da aka sauke injin sai ya koma kamar mutum na taka dutse. Sannan ga shiru. Motar da garin ya saba kauce mata tun kafin ya gan ta, yanzu sai ta zo bayan mutum kamar mai bin bashin gaisuwa. Kaji ba su kauce ba. Mai shayi bai kauce ba, yana juya baya yana fasa ƙwai, sai gani ya yi teburinsa ya wuce shi. Tsibin yashin da aka sauke don ginin masallaci ne ya karɓe ta daga ƙarshe, da teburin a gaba kamar an aike ta da shi.

Maganin birki bai ba Rabo wahala ba. Ya sare guntun icce, ya ɗaura masa igiya, ya ce duk lokacin da ake son tsayawa sai na gefen direba ya jefa shi ƙarƙashin taya, kamar yadda yaran mota ke yi tun zamanin iyaye. Sauran matsalolin kuwa ya zauna ya yi musu nazarin injiniya, ya gano tushensu: baki. Idanu sun yi yawa a kan motar, kowa ya wuce sai ya tofa nasa. Ba wani inji da zai jure bakin Sabuwa.

Saboda haka ya sa aka tura ta ƙarƙashin babban mangwaron da ke bayan gidansa, inda mahaifinsa ya saba ajiye ta, don tun yana yaro ya ji cewa ba mai hankalin da ke barin motarsa a rana. Ya aro tamfol na masu sayen masara ya lulluɓe ta ruf, ya ɗaure da igiya, ya ce ba mai ƙara ganinta sai ranar tafiya. Haka ta zauna cikin duhu da sanyi, da 'yar wutar da gwaje-gwaje suka rage mata, har mai jego ta gama wanka. Cewa motar rana ce, kuma rana ba ta ratsa tamfol, wannan tunani ya zo wa Rabo. Ya zo masa da safen ranar tafiya, lokacin da yake kwance igiya.

Bai gaya wa kowa ba. Ya duba sama, sararin samaniya tas, ya lallashi kansa cewa abin da ba ta ci a gida ba za ta ci a hanya. Aka turo ta ƙofar gida. Unguwa ta taru. Sai ga mata sun fara fito da gara: buhunan shinkafa da masara da dawa, jarkokin man gyaɗa da manja, kwalayen taliya, fanteku cike da dubulan da alkaki, daddawa, kuka, kuɓewa, har da 'yar katifar jariri. Dada ta leƙa cikin mota, ta ga rabinta batira, rabin da ya rage ko matan rakiya ba zai ɗauka ba sai an matsu. Ta ɗaga sandarta ta nuna sama.

Rabo ya sha gabanta, ya rage murya. "Dada, ba a ɗora kaya a nan. Nan ne bakinta, ta nan take ci."

"To ina kake so a sa? Ƙarƙashin kujera, kamar kayan sata?"

"A samo wata motar ta ɗauko kayan daga baya."

"Mai jego ta shiga gidan miji hannu na dukan cinya, gara ta biyo baya kamar an tuna da ita a hanya? Kai, matsa mini."

Malam Yahya, wanda ya ci ado da babbar riga ya ce zai yi rakiya a matsayin dattijon unguwa, ya sa baki da murya mai kai wa ƙarshen layi. Ya ce Dada ta ɗora abinta hankali kwance, Injiniya ya faɗa da bakinsa cewa cika ɗaya Kaduna ce da dawowa, Damari kuwa ga ta nan. Ya juyo ya tambayi Rabo ko ba haka ba ne.

Rabo ya dubi jama'a. Mai shayi yana ciki, da sabon tebur a ransa.

"Haka ne," in ji Rabo.

Hafiza ce ta hau tsani. Farantanta ne, ta san tattalinsu, ba za ta bari buhu ya karce su ba. Ta shimfiɗa musu bargo, ta bi da tabarmi biyu, ta lanƙwasa gefe da gefe yadda ko ƙwayar haske ba za ta cuce su ba. Sannan aka jera gara har ta yi tozo, aka ɗora katifar a can ƙoli, aka ɗaure.

Fitarsu daga Sabuwa ta yi kyau, a faɗi gaskiya. Bas ta zabura da gudun niƙa, shiru, gara na rangaji a sama, mata na guɗa a ciki. Rabo ya fitar da gwiwar hannu ta taga. Malam Yahya na gefensa rungume da guntun icce kamar wanda aka ba riƙon jariri. Yara suka bi su da gudu suka gaji. Bayan an wuce gonakin bakin gari sai gudun ya fara sanyi. Wani mai keke ya wuce su. Rabo ya ce da gangan ya rage, saboda mai jego. Can wata tsohuwa ɗauke da itace ta cim musu, ta gaishe su, ta yi barka, ta tambayi sunan yaro, ta sa albarka, sannan ta ba su haƙuri ta ce ita tana sauri.

A hawan da ke bayan wani rafi motar ta tsaya. Ba ta yi tari ba, ba ta yi hayaƙi ba, ta dai tsaya kamar wanda ya manta abin da ya fito yi, sannan ta fara komawa inda ta fito. Malam Yahya ya jefa icce. Mata suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka nemi inuwar wata ɗorawa. Rana tana tsakiyar ka, irin wadda Rabo ya yi watanni yana yi wa kirari, tana ta zuba a kan katifar jariri.

Rabo ya ce a sauke kayan na ɗan lokaci, mota ta ci abinci. Dada ta ce garar jikarta ba ta taɓa ƙasa sai a ƙofar gidan miji, ba za a baje ta a bakin hanya kowane mai wucewa ya ƙirga da ido ya kai labari ba. Jariri ya fara kuka. Ummu Salma, kanta a sunkuye, ta gaya wa uwarta cewa ko a kira can gida su turo mota. Hafiza ta isar da saƙon da ƙari. Rabo ya ce in aka kira gidan Alhaji Mani, to a haɗa da masu haƙa kabari. Ana wannan sai ga ɗan acaɓa ya nufo daga Sabuwa, ya rage gudu, ya yi sannu, ya ƙare wa motar kallo daga taya har katifa, ya ce shi ma Damari ya nufa, ko akwai saƙo. Rabo ya ce babu. Ɗan acaɓa ya tafi da wanda ya samu.

Taimako ya zo da ƙafa takwas. Wani manomi ne ya taso daga gona da shanun huɗarsa biyu. Rabo ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa: shanu za su ja motar har kan tudun ƙarshe da ke kallon Damari, a nan za a kwance su a bayan bishiyoyi, manomi ya juya da abinsa, kuma bai ga kowa ba. Daga tudun gangara ce har ƙofar Alhaji Mani. Manomin ya ce shanunsa ba su da surutu.

Aka ɗaura igiya. Mata suka koma ciki. Shanu suka ja, bas ta bi, Rabo na riƙe da sitiyari da hannu biyu yana duban gaba da fuskar direban jirgi. Sun yi nisa a haka, ga ƙarar kofato da wutsiya na korar ƙuda daidai gilashi.

"Injiniya," in ji Malam Yahya, "ni dai zan yi maka shaida ko gaban alƙali. Ko ɗigo ba ta sha ba. Ciyawa take ci."

A kan tudu aka kwance shanu a bayan bishiyoyi kamar yadda aka tsara. Abin da ba a tsara ba shi ne tsawon gara. Dada ta so a hango ta daga nesa, an kuwa hango ta. Tun da katifar ta ɓullo a sararin hanya mutanen Damari ke tsaye a bakin gari, ɗan acaɓa na yi musu bayani, suna kallon tsibin kaya na tafe da saurin shanu.

Malam Yahya ya janye icce, bas ta fara gangarawa. Da farko cikin natsuwa, har Rabo ya mayar da gwiwar hannu taga ya fara ɗaga wa mutane hannu. Sai nauyin batira da buhuna ya tuna da aikinsa. Gidaje suka fara wucewa da sauri. Rabo ya taka birki, ya miƙe tsaye a kansa, birki ya ce bai san zancen ba. Ya ce wa Malam Yahya ya jefa. Malam Yahya ya jefa, taya ta tsallake, igiya ta fizge daga hannunsa, icce ya zauna a tsakiyar hanya yana kallonsu. Guɗar da mata suka fara ta rikiɗe ta koma salati ba tare da an canza numfashi ba. Jama'a suka dare biyu. Bas ta wuce ƙofar gidan Alhaji Mani inda aka shimfiɗa tabarmin tarba, ta shiga gidan mai, ta dunguri tsoffin tayoyin da aka jera don kare famfo, ta tsaya cak. Daidai inda aka cika mata tanki kwanakin baya, ko taku ba ta kuskure ba. Fanteka ɗaya ta sauko daga sama a nata lokacin, dubulan ya watsu, yaran Damari suka yi masa abin da ya dace. Jaririn bai farka ba.

Alhaji Mani ya taho a hankali, yana gyara babbar riga. Ya gaida Dada har ƙasa, ya gaida Malam Yahya, ya kama hannun Rabo da hannu biyu ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Sabuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Tun ɗazu muke hango ku," in ji shi. "Ai da kun ƙaraso da shanun sun sha ruwa. Su ma baƙinmu ne."

Rabo ya ce shanun hanya ce kawai ta haɗa su. Alhaji ya ce haka ne, hanya takan haɗa. Ya tambaya ko a ɗan zuba wa motar wani abu, ko na komawa ne. Mai ba da mai, wanda hannunsa ya riga kansa sabo, ya buɗe murfin gefe ya leƙa, ya ga ƙasa ta ciki. Malam Yahya ya yi masa bayani cewa tankin yana Sabuwa, agwagi na wanka.

Aka sauke gara aka baje ta a tsakar gida, kuma a nan Dada ta ci nasararta cikakkiya. Matan Damari suka zagaya, suka taɓa buhuna, suka ɗaga jarkoki, suka yarda an yi abin kirki. Ummu Salma ta shiga ɗakinta. Rabo ya zauna cin abinci a zaure da ɗan sauƙi a ransa, don ya san an kwashe kaya da tabarmi da bargo, farantai sun buɗe, duk lomar da ya kai baki motarsa ma tana kai tata. Ya ci a hankali, ya ƙara, ya ja hira har aka yi la'asar, don ya ba ta lokaci.

Da ya fito bai gan ta inda ya bar ta ba. Tana can ƙarƙashin rumfar kwano, a wuri mafi sanyi a gidan man, an ma yayyafa ruwa kewaye da ita. Alhaji Mani ya ce shi ya sa aka tura ta tun suna wanke hannu. Ba a barin motar baƙo a rana, balle ta suruki.

Damari kaf ta dawo kallon tashi. Matan rakiya suka shiga suka zauna. Rabo ya zauna, ya yi bisimilla, ya danna makunnin fanka. Ya sake dannawa. Ya ɗaga kai ya dubi hanyar gida, wadda ta fara da tudun nan da suka gangaro, shanu kuwa sun daɗe da isa turke. Ta madubi ya hango Alhaji Mani na tahowa, da fuskar nan tasa ta alheri, bakinsa ya riga ya ɗauki siffar haba Malam Rabo. Rabo ya san abin da ke tafe. Kyauta ce, gaban mutanen nan dai, a wurin nan dai.

Ya buɗe ƙofa ya sauko. Ya zare makullin, wanda ba ya kunna komai tun da aka sauke inji amma yake rataye don kwarjini, ya ɗaga shi sama.

"Alhaji, kada ka ɗauka tashinta nike nema. Sallama nike yi da ita. Motar nan cikin gara take. Na ba jikana."

Sai wata tsohuwa daga dangin miji, wadda aikinta ke nan a kowane taro, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, ta yi shelar cewa ba a taɓa kawo gara da mota a Damari ba sai yau. Hafiza ta leƙo ta taga ta tambaya ko har da farantanta, guɗa ta biyu ta haɗiye tambayar. Dada ta dubi ɗanta tsawon lokaci, ta ce da ta sani da an wanke ta.

Alhaji Mani ya karɓi makullin da hannu biyu. Ya ce abin ya yi yawa, amma gara ba a mayar da ita, sai dai a yi addu'a. Aka yi addu'a. Sannan, tunda baƙi ba su da abin komawa, ya sa aka fito da a-kori-kurarsa ta kai su gida, wanda yanzu ba taimako ba ne, hakkin masu kawo gara ne. Tukuicin mata aka ba Dada a ƙulle cikin ɗankwali. Na Rabo kuwa Alhaji ya ce dole ya bambanta, ya sa aka ɗora masa jarkar mai cike, mai kyau, ba gauraye. Rabo ya koma Sabuwa a bayan mota, tsakanin fanteku wayam, rungume da jarka, Malam Yahya na tambayarsa ko a rediyo zai zuba.

Har yanzu yana rumfarsa a bakin tasha. Duk wanda ya kawo gyaran fitila sai ya ji labarin yadda Injiniya Rabo ya shiga Damari ba ɗigon mai, ya kuma yi kyautar mota sukutum gaban shaidu, kuma duka biyun ba ƙarya a ciki. Firizar Hafiza ta ci gaba da riƙe gero, ba ta taɓa bari ƙwaro ya shiga ba.

Bas ɗin tana Damari. Washegarin gara Alhaji Mani ya sa aka turo ta daga rumfa zuwa tsakiyar fili, aka sa duwatsu a tayoyinta, aka ja waya daga cikinta zuwa famfo. Tun daga ranar bai ƙara tada janareta ba. Duk man da ake sayarwa a Damari, motar Injiniya Rabo ce ke zuba shi.